Kaset ɗin da ke hannunka da waƙar da ke intanet: wanne ne naka?

Baba_Mai_Rikoda:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna, musamman da ku matasa. A ganina wanda yake biyan kuɗi duk wata don ya saurari waƙa a Spotify ko Boomplay ko Audiomack bai mallaki komai ba. Ranar da ya daina biya, ko aka cire waƙar, ko data ta ƙare, shi ke nan. Mu da muka sayi kaset da faifai abinmu yana hannunmu, ka ba aboki aro, ka bar wa 'ya'yanka. Ina da kaset-kaset na makaɗan fada da na noma da na 'yan dambe da na saya tun zamanin Shagari, har yau suna magana, kuma da yawa daga cikinsu na sa jikana ya nemo a waya bai samu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To ina tambaya, me kuka samu a wannan sabon tsari da ya fi abin da aka rasa? Da gaske nake tambaya, ba don in kushe zamaninku ba.

Ɗan_Fagge92:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da muka samu shi ne yawa da sauƙi. A da idan waƙa ɗaya kake so sai ka sayi kaset guda, sauran na ciki ko ba su yi maka ba ka riga ka biya kuɗinsu. Yanzu ina zaune a ɗaki zan ji makaɗin Mali, in ji na Sudan, in koma na Indiya, in dawo kan sabuwar da aka saki a Kano da safiyar yau. Maganar data kuma, idan kana biyan kuɗin wata za ka iya sauke waƙar a cikin manhajar ka ji ta ko ba data.

Injiniya_Zazzau:
@Ɗan_Fagge92 a nan akwai gyara. Wannan saukewar ba irin wadda muka saba ba ce. Waƙar tana kulle a cikin manhajar, ba za ka iya mayar da ita memori ba, ba za ka iya tura wa wani ta Xender ba. A Spotify sai ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba waɗanda ka sauke su daina buɗewa. Idan ka daina biya ma rufewa suke yi. Ta wannan fuskar Baba yana kan hanya: izinin sauraro ka saya, ba waƙar ba.

Mai_Turi_Kano:
Ku yi haƙuri, duk kun tsallake inda mafi yawan mutanenmu suke. Talakan Arewa ba ya sayen faifai, kuma ba ya biyan kuɗin wata. Memori yake kawowa. Sana'ata ke nan, turi, wato zuba wa mutane waƙoƙi a memori, kwamfuta ce a gabana daga safe zuwa dare. Ɗan adaidaita sahu, direban tirela, mai shayi, matar aure da ta aiko ƙaninta, Bafulatanin da ya shigo gari ranar kasuwa, kowa zai ce a zuba masa kaza da kaza. Wani waƙoƙin fim, wani bege, wani karatun Alƙur'ani da wa'azi, wani tsofaffin makaɗa zalla. Ya ba da 'yan ɗaruruwansa ya tafi, abin ya zama nasa har ranar da memorin ya mutu. Babu data, babu katin banki, ba ya buƙatar babbar waya, ƙaramar rakani-kashi ma ta isa. Idan mallaka ake magana, wannan ma mallaka ce, Baba.

Uban_Situdiyo:
@Mai_Turi_Kano mallakar mai saye ka faɗa, ba ka faɗi ta mai waƙar ba. Cikin 'yan ɗaruruwan nan nawa ke zuwa wa wanda ya rubuta baiti, da wanda ya buga fiyano, da yarinyar da ta yi amshi, da ni da na kwana ina haɗa sauti da man janareta? Ko kobo. Ina faɗar wannan ne da ɗacin rai, domin na ga lokacin da sana'ar take da tsari. Ka gama aiki ka kai asalin kaset ɗin wajen dillalai a Ƙofar Wambai ko Bata, ka buga kwali ka sayar musu, su kwafa su sa a kwalin. Yawan kwalin da ya tafi shi ne ribarka, kuma kana iya ƙirga shi. Waƙoƙin fim ma a kan fitar da kaset ɗinsu kafin fim ɗin ya fito, su ne tallarsa, kuma su kansu suna kawo kuɗi. Da turi ya zo, mutum ɗaya ya sayi faifai ɗaya, gobe yana cikin kwamfutar kowane shago daga Kano har Agadas. Je ka duba shagunan da suke sayar da faifai a da ka ga me suke sayarwa yau.

Mai_Turi_Kano:
Yallaɓai ban musa ba, amma kwafa ba da mu ta fara ba. Tun zamanin rikoda mai baki biyu ake sayen kaset ɗin TDK ko Maxell wanda ba komai a ciki a kai wa mai shago ya kwafi waƙa a ciki. Su dillalan ma ai ba duka ba ne suke tsayawa a kan adadin kwalin da suka saya. Kuma ka sani na sani, yau mawaƙa da kansu suke aiko mana da sabuwar waƙa su ce don Allah mu zuba wa duk wanda ya zo.

Uban_Situdiyo:
Suna aikowa don ba su da wata hanya. Wanda aka ƙwace wa kasuwa ya koma neman suna, ba za a ce ya yarda ba.

Hajiya_Akanta:
Bari in sa baki a kan kuɗin, tunda wasu na ɗauka hawa manhajojin nan shi ne mafita ga mawaƙi. Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021. Kamfanin da kansa ya sanar cewa mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 25 a 2023, a 2024 kuma sama da biliyan 58. Kuɗi ne masu yawa, amma a duba yadda ake rabon. Babu wani tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Ana tara abin da aka samu a ƙasa daga masu biyan kuɗin wata da masu talla, kamfani ya ɗebi nasa, kimanin kashi biyu cikin uku ya tafi ga masu haƙƙin waƙoƙi, a raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Ɗan Najeriya da naira 900 a wata ya fara biya, alhali a lokacin Ba'amurke yana biyan kusan dala 10. Ke nan wanda masu sauraronsa suke Landan da Amurka ya fi wanda masoyansa suke Gusau da Maraɗi samu nesa ba kusa ba, ko da yawan sauraron ɗaya ne. Ƙari a kan haka, sai an ji waƙa na daƙiƙa 30 kafin a ƙirga, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba a biya mata komai. Shi mawaƙin ma ba ya ɗora waƙa da kansa, sai ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda ake biya. Ku ɗora wannan a kan mawaƙin Hausa da yawancin masoyansa a memori suke jin sa.

Ɗan_Fagge92:
Hajiya duk da haka kaɗan ta fi babu. A memori sifili ne. Idan mu masu saurare muka koma manhaja da yawa, ai rabon zai ƙaru.

Uban_Situdiyo:
A wajenmu YouTube ne ma ya fi taɓuka wani abu, don can mutanenmu suka fi zuwa. Shi ma sai tasharka ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta da tsada. Gaskiyar magana abin da ke riƙe da mawaƙin Hausa yau shi ne biki da liƙi da waƙar siyasa da ta masu kuɗi. Shi ya sa za ka ga yaro mai basira, ya fara da waƙoƙi masu ma'ana, shekara biyu ya koma jero sunayen 'yan takara. Ba lalacewa ya yi ba, can ne kawai ake biya.

Malam_Na_Tsangaya:
Uban_Situdiyo, abin da ka kira sabo tsohon abu ne. Makaɗin Hausa bai taɓa dogara da cinikin faifai ba. Na fada sarki ne ke ba shi doki da riga da hatsi da gona, daga baya aka koma mota da kujerar Makka. Makaɗin maza yana samu a filin dambe da kokawa, na noma a wajen gayya, masu amada a gidan biki da suna. Faifai da kaset sun zo ne suka tarar da wannan tsari, suka yi 'yan shekarunsu, suna wucewa aka koma inda aka fito. Abin da kaset ya yi mana wanda ba za a manta ba shi ne adanawa. Ba don naɗar da aka yi ba, da muryoyin nan sun tafi tare da masu su, kamar yadda na waɗanda suka gabace su suka tafi.

Baba_Mai_Rikoda:
Malam ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Adanawar ce damuwata. Rediyon Kaduna tun 1962 yake, kuma shi da sauran gidajen rediyon jihohi sun naɗi makaɗa da yawa a manyan faya-fayan zare. Waɗanda suka yi suna sosai an kwafe su sun bazu. Amma ƙananan makaɗan ƙauye fa, waɗanda wani mai shago ya je da rikodarsa ya naɗa a filin dambe ko gidan biki, ya kwafi kaɗan ya sayar ranar kasuwa? Waɗannan ba kamfanin da zai neme su. Idan kaset ɗin da ke akwatina ya lalace, mai yiwuwa waƙar ta ƙare a duniya.

Injiniya_Zazzau:
To Baba ai nan ne hujjarka take juyowa kanka, ka gafarce ni. Kaset ba ya dawwama. Zaren leda ne da aka shafa wa garin maganaɗisu, zafi yana cin sa, danshin damina yana sa shi ya yi fumfuna, ƙurar hunturu tana goge shi, kuma duk juyin da ya yi a rikoda yana rage masa wani abu. Faifan CD da ake ƙonawa a kwamfuta ya ma fi saurin mutuwa, ba kamar wanda aka buga a masana'anta ba. Sannan ko kaset ɗin ya rayu, ina rikodar? Bel ɗinta da robar da ke jan zare suna narkewa, masu gyaran kuma suna ƙarewa. Abin da yake hannunka naka ne, na yarda, amma guda ɗaya ne tak. Wanda aka mayar cikin kwamfuta ana iya kwafarsa sau dubu bai rage komai ba.

Maman_Ilham:
Wannan gaskiya ne. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da kwalla guda cike da kaset, na amada da na bege da na tafsirin azumi. Bayan rasuwarta muka buɗe, yawanci sun manne, wasu zaren ya tsinke. Abin da ya fi yi mana ciwo ba waƙoƙin ba ne. A ciki akwai kaset ɗin da yayarta da ke zaune a Makka take aiko mata ta hannun alhazai, tana magana tana gaishe da kowa da sunansa, ita ma ta naɗa ta mayar. Ɗaya kawai muka samu yana magana. Don Allah duk mai irin wannan a gida kada ya jira.

Ɗan_Fagge92:
Allah ya gafarta mata Anti, ya sa Aljanna ce makoma.

Hajiya_Akanta:
Amin. Allah ya ji ƙan iyayenmu baki ɗaya.

Bagusaje:
Ina bin maganar tun farko. Ku da kuke cewa komai yana intanet, ku tambaye mu. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni ba kira, ba data. A lokacin duk wanda abin saurarensa yake manhaja ya zauna shiru. Mai memori da mai rediyo su ne suka ci gaba da jin karatu da waƙa. Ko yanzu ƙauyuka nawa ne sai an hau tudu ake samun sabis? Ni ba na adawa da ci gaba, amma abin da ban riƙe a wayata ba, ban ɗauke shi nawa ba.

Injiniya_Zazzau:
Ga kuma tsadar data, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Don a san lissafi: sauraro a matsakaicin inganci yana cin kimanin megabayit 40 a awa, a mafi inganci ya haura 140. Bidiyo kuwa ya ninka haka. Mai jin waƙa yini guda a shago ko a mota, a wata zai ji a jikinsa.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kart memuwar muke ce wa memori, kuma ina so in kare ta kaɗan a gaban Uban_Situdiyo. Akwai makaɗin gita Ba'abzine ɗan jihar Tawa, Mdou Moctar. A Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, ba kamfanin da ya fitar da su, daga salula zuwa salula suka bi ta Bluetooth har suka kai arewacin Mali. Can wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince su a cikin wayoyin mutane, ya tattara irinsu ya buga a faifan garmaho a 2011, ya bi sawun masu waƙoƙin ya biya su. Yau mutumin nan yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. Ba don turi ba, wa zai ji shi? Ban ce haƙƙi ba ya da muhimmanci ba. Na ce wannan hanyar ta kai muryar talaka inda dillali ba zai kai ta ba.

Uban_Situdiyo:
Ɗan'uwa na ji, kuma ina taya shi murna. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: kuɗi sun shigo ne lokacin da wani ya buga faifai ya sayar wa masu saye. Mutum ɗaya ke nan cikin dubbai. Sauran fa?

Ɗan_Fagge92:
Tsaya, faifan garmaho a 2011? Na ɗauka an daina yin sa tun kafin a haife mu.

Hajiya_Akanta:
Ya dawo sosai a ƙasashen Turawa. A Amurka a 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, na CD kuma miliyan 33, karo na farko da ya wuce CD tun 1987. Sai dai a shekarar kashi 84 cikin ɗari na kuɗin da harkar ta samu daga sauraron intanet ya fito. Wato suna ji a waya, kuma suna sayen faifan wanda suke ƙauna don su riƙe a hannu, su kuma taimake shi. Abin da babu a wajenmu ke nan. Idan yau ina so in biya mawaƙiyar da nake so kuɗin waƙarta, ba ta liƙi a biki ba, ta wace hanya zan bi?

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ina gefen yaran nan, Baba ka yi mini afuwa. Mu da muke zango a Gana, da can sai direba ko ɗan kasuwar goro ya dawo daga Arewa ake samun sabon kaset, a yi ta karɓa-karɓa gida gida har ya gaji. Abin da ya fito a Kano sai ya tsufa kafin ya iso mu. Yau ɗana yana jin waƙar Hausa ranar da ta fito, kuma ina ganin yadda take gyara masa harshe, yana kama kalmomin da mu nan muka bari. Tsofaffin makaɗan ma a YouTube na sake samun waɗanda rabona da su tun ina yaro. Wanda yake zaune a Kano ba zai gane girman wannan ba.

Baba_Mai_Rikoda:
Alhaji na Kumasi, wannan hujja ce mai ƙarfi, Allah ya bar zumunci. Amma ka tambayi kanka, tsofaffin waƙoƙin da ka samu a can daga ina suka fito? Wani ne ya adana kaset ɗinsa shekara da shekaru, sannan aka ɗora. Kuma ka duba yadda ake ɗora su: an yanke farko, an yanke ƙarshe, an sa sunan wani makaɗi a kan waƙar wani, ba shekara, ba wurin da aka yi ta, ba sunan wanda aka yi wa. Wani ma sai ya sa muryarsa a tsakiya yana tallar tasharsa. A bayan kwalin kaset ko jikin faifai aƙalla akwai rubutu.

Ɗalibin_Fiƙihu:
Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, na haƙƙi a shari'a. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a yi ta'adi a kansa ba. A dokar Najeriya ma, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗin sauti kuma shekara 50 daga fitowarsa. Ɗauki Mamman Shata, ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana nan har 2069. To masu ɗora waƙoƙin mamata a tashoshinsu suna karɓar kuɗin talla, sun nemi izinin magada? Akwai marayu a cikin lamarin nan.

Abu_Sumayya:
Kafin a kai ga haƙƙi ai sai a fara tambayar hukuncin kiɗan kansa.

Shugaban_Zaure:
Malam Abu_Sumayya, wannan babi ne daban kuma malamai sun yi magana a kansa, an taɓa tattauna shi a nan. Maganar adanawa da haƙƙi ta shafi karatu da wa'azi da waƙoƙin da ba kiɗa. Mu tsaya a kan abin da Baba ya kawo.

Mai_Turi_Kano:
Wa'azi da karatu dai yawancin malamai da bakinsu suke cewa a yaɗa. Kuma shi ne rabin abin da nake turawa, musamman da azumi.

Injiniya_Zazzau:
Ina so in koma kan tambayar farko, domin kada a ɗauka ina cewa intanet ma'ajiya ce. Ba ita ba ce. A 2019 shafin sada zumunta na MySpace ya sanar cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya na'urorin ajiya. Tasha kuma ana iya rufe ta dare ɗaya saboda ƙorafin haƙƙin mallaka, duk abin da ke ciki ya tafi. Memori ma yana mutuwa ba sallama, balle na jabu da zai nuna maka gigabayit 32 alhali cikinsa bai kai ba.

Baba, ga abin da nake ba da shawara a kan akwatinka. A samu rikoda mai lafiya, a goge kanta, wato ƙarfen da zare ke gogawa a jikinsa, da auduga da sifirit. A fara juya kaset ɗin gaba da baya har ƙarshe don zaren ya saki. A haɗa ta da kwamfuta ta waya, kada a kara wayar hannu a bakin lasifika. Akwai manhaja kyauta mai suna Audacity da ke naɗa. Idan sautin ya fito a dushe, akwai ɗan sukuru a gefen kan rikodar, a juya shi a hankali har murya ta washe. A ajiye asalin a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, wanda ke cin kimanin megabayit 10 a minti, sannan a fitar da MP3 don saurare. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Abu mafi muhimmanci, ka zauna da jikanka ka faɗa masa sunan makaɗin, garinsu, wa ya yi wa waƙar, a ina ka saya, ya rubuta. Wannan ilimin a kanka yake, ba ya cikin zaren. A yi kwafi a wuri uku, ɗaya a wani gida daban. Kaset ɗin kuma kada a yar.

Maman_Ilham:
Injiniya, wanda zarensa ya tsinke fa, ana iya ceto shi?

Injiniya_Zazzau:
Ana iyawa Hajiya. A buɗe gidan, a haɗa bakin zaren ta bayansa da siririn salatif, abin da za a rasa daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Idan gidan ne ya fashe a mayar da zaren cikin wani. Wanda ya manne ko ya yi fumfuna dai kada a sa shi a rikoda da ƙarfi, a kai wa wanda ya san aikin.

Baba_Mai_Rikoda:
Na gode Injiniya, za a yi in sha Allahu. Amma ban sauka daga maganata ba. Duk wannan aikin da ka lissafa, mai kaset ne kaɗai zai iya yin sa. Jikan wanda yake biyan kuɗin wata me zai tarar? Kuma ko na mayar da su kwamfuta, maganar Ɗalibin_Fiƙihu ta tsaya mini a rai. In ɗora don jama'a su amfana, ko in riƙe tunda ban san inda magadan suke ba?

Malam_Na_Tsangaya:
Ka nemi magadan, Alhaji. Gidan makaɗa ba ya ɓata a ƙasar Hausa, ka je garin ka tambayi gidan sarkin makaɗa za a kai ka. Sau da yawa su kansu ba su da muryar mahaifinsu. Ka ba su kwafi, sannan ku yi shawara.

Ɗan_Fagge92:
Ni dai a ɗora. Abin da aka ɓoye a ɗaki ba a adana shi ba, an jinkirta ɓatansa ne. A rubuta sunan mai waƙar daidai, kada a kunna talla a kai.

Uban_Situdiyo:
Na mamata ke nan. Na masu rai fa? Tambayar Hajiya_Akanta ba wanda ya amsa. Ni abin da nake gani, tunda shagon turi shi ne kasuwar gaske a Arewa, a nan ya kamata a karɓi haƙƙin. Kowane shago ya riƙa biyan wani abu a wata ga ƙungiyar mawaƙa, a ba shi sababbin waƙoƙi masu kyawun sauti kai tsaye daga situdiyo, ba waɗanda aka ciro daga bidiyo ba. Mai shago ya huta da fargaba, mawaƙi ya samu ɗan abin sa wa a bakin salati.

Mai_Turi_Kano:
Ni zan biya, wallahi, idan abin bai fi ƙarfina ba, kuma na san da yawa a layinmu za su biya. Amma ka sani kasuwar tamu ma tana ja baya, yaran yanzu a TikTok suke jin waƙa, su sauke a Telegram, su tura wa juna a WhatsApp, ba sa zuwa wajenmu kamar da. Sannan wa zai karɓi kuɗin, kuma da wane ma'auni za a raba tsakanin wanda ake nema sau ɗari a yini da wanda ake nema sau ɗaya a wata? Idan kuna da amsar wannan, ku kira taro, zan zo da mutanena.